Bencin da ke Bayan Keken Haladu

An yi wani bawan Allah a wani babban birni, sunansa Haladu. Cutar shan inna ta cinye masa ƙafafu tun yana goye, amma ta bar masa hannuwa, kuma da hannuwan nan yake ɗinkin buhu a wani kamfani can ƙarshen gari. Ku saurara da kyau, jama'a, don ni duk sanda na tuna mutumin nan sai in ji ina alfahari da shi kamar ɗan cikina.

Aikin bai taɓa gagararsa ba, zuwa wurin aikin ne wahala. Ƙarfe takwas ake rufe ƙofar kamfani. In ya ce kullum shatar adaidaita zai yi, albashin ba zai ga tsakiyar wata ba. Bas ce motar talaka, ita kuwa ba ta tsaya masa. Akwai wani direba, Sallau, da ke bin hanyar, in ya hango shi a bakin titi sai ya ƙara wuta. Ranar da ya ga dama ya tsaya, leƙowa ya yi ya ce, "Malam, kafin a ɗaga ka a ɗaga kekenka ai na yi sawu guda. Nemi wata."

Fasinjoji suka ce, "Direba mu je, mun makara." Wani ya jefo masa sadaka ta taga. Haladu ya tsince ta ya miƙa wa kwandasta, ya ce, "Mayar masa. Allah ya saka da alheri, amma ni aiki zan je."

Bai zagi kowa ba. Ya tafi wurin mai walda aka haɗa masa keken da ake tuƙawa da hannu, yana idar da sallar asuba ya kama hanya. Shekara uku yana haka, har ya samu injin tsohon babur aka ɗaura masa. Sai ya ce wa mai waldar, "Ƙara mini benci a baya."

Mai walda ya yi dariya. "Kai da ake ɗauka, wa za ka ɗauka?"

"Sa dai," in ji Haladu.

To, damina ta zo, injin ya sha ruwa, Haladu ya makara sau biyu. Manaja ya kira shi ya ce, "Saura ɗaya. In ka sake tarar da ƙofa a rufe, kada ma ka buga." Mutum mai mata da 'ya'ya huɗu, kun san abin da wannan magana take nufi.

Wata safiya ya fito lokaci ya matse shi, sai ya hango mutum a daidai inda shi ya saba tsayawa a da. Sanduna biyu a hammata, ƙafar wando ɗaya a naɗe, yana ɗaga hannu motoci suna wucewa. Sallau ne. Haɗari ya raba shi da ƙafa da kuma mota. Duniya rawar 'yan mata ce, na gaba ya koma baya.

Haladu ya gane shi sarai. Zuciya ta ce masa, wuce, ai shi ma ya wuce ka. Ya duba agogo, ya tuna da manaja, ya tuna da tukunyar gidansa. Sannan ya taka birki, ko in ce ya ja, tunda da hannu yake yi.

"Ina zuwa, Sallau?"

Sallau ya sunkuyar da kai. "An ba ni gadi a wata makaranta bayan kasuwar hatsi. Yau zan fara. Tun asuba nake nan."

Bayan kasuwar hatsi gabas ne, kamfani kuwa yamma. Haladu ya ce, "Hau. Ɗora sandunan a cinyarka."

Suna cikin tafiya Sallau ya ce, "Ka manta abin da na yi maka ne?"

"Ban manta ba. Shi ya sa na san yadda tsayuwar nan take."

Ya sauke shi a kan lokaci. Shi kuwa da ya isa kamfani, ƙofa a rufe. Bai buga ba, ya juya gida, kuma ba zan ɓoye muku ba, ranar ya yi hawaye.

Washegari ya fito neman wani aikin, sai ya tarar da mutum uku a bakin titin nan: Sallau, da wata makauniya mai koyarwa, da wani gurgu mai gyaran agogo. Sallau ne ya tara su, da ya ji Haladu ya rasa aikinsa saboda shi. Ya ce, "Kuɗin bas za mu riƙa ba ka. Ka kai mu, ka dawo da mu." Kafin shekara mai walda ya ƙara benci na biyu, kuma wannan karon bai yi dariya ba.

Jama'a, alheri danƙo ne, ba ya faɗuwa ƙasa banza. Amma Haladu bai san da ladan gobe ba lokacin da ya tsaya, ya dai san zafin a wuce mutum. Ku direbobin da ke cikinmu, da mu fasinjoji masu cewa "mu je, mun makara", gobe da safe za ku ga wani yana ɗaga hannu a bakin titi. Ba sadakarku yake nema ba, aiki zai je. Ku tsaya masa.