Kurege da Ƙosan Gayya

"Ga ta nan, ga ta nanku."

"Ta zo mu ji ta, Baba."

"To, a rufe baki, a buɗe kunne."

Ranar Laraba ce. An kwana ana ruwa, gari ya waye luf, ƙasa ta jiƙe sharkaf.

Kurege ya je gona ya tsaya. Geronsa ya fito, amma ciyawa ta fi shi tsawo. In aka ƙara barinta, za ta shanye geron, bana babu abin sawa a rumbu. Ga shi matarsa ta haihu, ta tafi wankan gida wurin iyayenta. Daga shi sai 'yar fartanyarsa.

Sai ya tafi wurin Bijimi, Sarkin Noma, ya ce yana son gayya. Kun dai san gayya. Mutum ya kira jama'a su nome masa gona, ba a biyan kowa, sai dai a ciyar da su.

Bijimi ya ce, "Gobe da sassafe muna gonarka. Amma ka san sharaɗi. Koko da ƙosai. Ƙosan nan na gidanka mai taushi. In rana ta take tsaka ba mu ga ƙwarya ba, kowa ya saɓa fartanyarsa. Kuma ba ma zuwa gona ɗaya sau biyu."

Kurege ya ce, "Ranka ya daɗe, ƙosai har wani abu ne?"

Ya dawo gida ya zauna. Koko dai ya iya damawa. Ƙosai kuwa tun da aka haife shi ci kawai yake yi. Yana zaure ake kawo masa, bai taɓa leƙa gindin murhu ba. Ga tsohuwa Bushiya nan maƙwabciyarsa, kullum tana tuya. Amma ya ce a ransa, "Ni, magidanci guda, in je ina tambayar mata yadda ake ƙosai? Gobe a bakin rijiya ba wani zance sai nawa."

Yana cikin tagumi, sai Dila ya leƙo ta kan danga.

"Salamu alaikum, angon ƙarni. Wa ya mutu?"

"Ba wanda ya mutu. Ƙosan gayya ne ya hau kaina."

Dila ya lashe baki. Ya ce, "Faɗuwa ta zo daidai da zama. Ni a gindin kasko na girma, kakata mai ƙosai ce. Ina waken?"

Kurege ya ɗebo wake ya jiƙa. Da ya yi laushi, ya ga ɓawo yana saɓulewa. Ya ce, "Malam Dila, wannan fa, a cire?"

"A cire? Wa ka taɓa gani ya tuɓe wa baƙo riga? Ƙarfin wake a ɓawonsa yake. Niƙa shi haka nan."

Kurege ya durƙusa a dutsen niƙa ya niƙa. Ƙullu ya fito dabbare-dabbare. Ya ɗora kasko, ya zuba man gyaɗa, ya soya. Ƙosai ya fito baƙi, ga tauri. Ya gatsa ɗaya, sai da haƙorinsa ya amsa.

Ya ce, "Wannan ai na jifan tsuntsu ne."

Dila ya girgiza kai. "Assha. Kada Bijimi ya ji labari. Watsa shi bayan danga. Ni bari in je in dawo."

Kurege ya watsar. Dila ya fita ta ƙofa, ya zagaya bayan danga, ya tsince tas. Haƙorin Dila ba ruwansa da tauri. Yana ci yana waƙa ƙasa-ƙasa:

"Kurege niƙa, Kurege soya,
Abin da ya ɓaci nawa ne,
Bayan danga ana biki."

Da la'asar ya dawo yana sakace.

"Angon ƙarni, na gano matsalar. Waken bana ne, ɓawonsa ya yi kauri. A surfa shi."

Kurege ya sake ɗebo wake. Ya jiƙa, ya zuba a turmi ya surfa, ya wanke. Ɓawo ya taso saman ruwa, ya tsiyaye shi. Wake ya fito fari tas. Ya niƙa, ƙullu ya yi kyau.

Dila ya leƙa ƙwarya. "Wannan ɗan abin za ka ba su Bijimi? Loma ɗaya ce. Ƙara ruwa ya auku."

Ya ƙara.

"Ƙara. Ruwa saye ake yi?"

Ya ƙara.

"Ɗan ƙara kuma, don albarka."

Ya ƙara, har ƙullu ya tsinke ya koma kamar koko. Da ya zuba a kasko, sai mai ya yi tsalle ya fallatsar masa a hanci. Ƙullu ya tarwatse, ya zama ɓurɓushi, ya shanye mai.

Kurege ya riƙe hanci ya ce, "Malam Dila, haka na kakarka yake yi?"

"Ludayinka ne babba. Watsa bayan danga, gobe ma rana ce."

Ya watsar. Dila ya zagaya. Ɓurɓushi mai maiƙo ai ya fi na fari daɗi. Ya lashe har ƙasa, yana 'yar waƙarsa.

"Baba, har yanzu bai gane ba?"

"Da ya gane, da tatsuniya ta ƙare. Yi shiru."

Gari ya waye, Alhamis. Tun da sassafe aka ji gangar noma daga gona. 'Yan gayya sun shiga ciyawa. Kurege ya dama koko ya rufe. Ya kwashe sauran waken ci, ya surfa, ya niƙa. Wannan karo bai cika ruwa ba.

Sai ga Dila.

"Madalla. Yau ka kama hanya. Saura abu ɗaya. Ƙullu kamar jaririn nan naka yake, ba a jijjiga shi. Zuba masa gishiri tun yanzu, ka ajiye, kada ka motsa shi. Mai kuma kada ka bari ya yi zafi. Saka ƙullun tun yana sanyi, su saba da juna."

Kurege ya yi yadda aka ce. Ƙosai ya nutse ƙasan kasko ya kwanta. Ya ƙi tasowa. Ya sha mai ya ƙoshi, ya manne. Da aka ɓamɓaro shi, nauyi kamar hoge, ciki kuma ɗanye.

Dila ya ce, "Ikon Allah. Wannan gidan an yi masa baki. Watsa."

Ya watsar. Dila ya sulale.

Daga gona sai aka ji muryar Bijimi: "Kurege, inuwa fa tana gajarta."

Kurege ya leƙa buhu, babu ƙwaya ɗaya. Ya tsaya. Sai ya shiga ɗaki ya jawo wata tukunya da aka liƙe bakinta da laka. Waken iri ne a ciki, an gauraya shi da toka don ƙwari. Shi zai shuka a tsakanin gero in an gama noma.

Ya ce, "In na soya iri, me zan shuka? In ban soya ba, a wace gonar zan shuka?"

Ya fasa bakin tukunya. Ya ware tafi guda ya mayar. Sauran ya kakkaɓe toka, ya jiƙa, ya surfa, ya wanke. Ya niƙa da albasa da barkono, ruwa ɗan kaɗan. Ƙullun ko rabin ƙwarya bai kai ba. Ya tatse sauran mai a kasko ya ɗora. Wuta ta yi ƙasa. Muciya na hannunsa, ya zagaya bayan danga ya zaro kara.

Yana shan kwana sai ya ji waƙa:

"Kurege niƙa, Kurege soya,
Abin da ya ɓaci nawa ne,
Bayan danga ana biki."

Ga Dila kwance rigingine, ciki ya yi tulu, baki sharkaf da mai.

Kurege ya ce, "Malam Dila."

Dila ya buɗe ido ɗaya. "Na'am, angon ƙarni. Gadi nake yi maka, kada kaji su ci."

"Maimaita waƙar."

"Wace waƙa? Gyatsa ce."

Kurege ya ɗaga muciya. Amma ko da ciki cike, Dila Dila ne. Tsalle ɗaya ya haye kwazazzabo, ya faɗa daji. Kurege ya bi shi, ya ga ba riba, ya juyo.

Ya dawo gindin murhu. Ya cusa kara a wuta. Ga muciya a hannu, ga haushi a ciki, ba wanda za a daka. Ya dubi ƙwarya. Ƙullu na kwance lakadan, kamar bai san abin da ake ciki ba.

Ya ce, "Kai ma da kai aka haɗa baki."

Ya tsoma muciya ya hau bugu.

"Wannan na ɓawo ne." Fat, fat, fat.

"Wannan na ruwa ne." Fat, fat, fat.

"Wannan na mai mai sanyi ne." Fat, fat, fat.

Ya buga na wakensa. Ya buga na hancinsa da ya ƙone. Ya buga na irin da ya fasa. Hannun dama ya mutu, ya koma na hagu. Na hagu ya mutu, ya haɗa biyu. Gumi ya wanke shi. Sai da haushin ya ƙare tas, sannan ya tsaya yana haki.

Ya duba ƙwarya. Ƙullu ya yi fari, ya kumbura, ya taso har kusa da baki. Ya ɗaga muciya, ƙullun ya bi ta sakayau, ba nauyi.

Ya ce, "Shi ke nan, na kashe wannan ma."

Muryar Bijimi ta sake zuwa: "Kurege, inuwa ta kusa shiga ƙarƙashin ƙafa."

Ba sauran wake, ba sauran lokaci. Sai ya tuna bai sa gishiri ba. Ya barbaɗa, ya juya sau ɗaya. Mai kuwa tun ɗazu yana kan wuta, ya yi zafi sosai. Ya ɗebi ƙullu kaɗan, ya ce bismilla, ya saka, ya runtse ido.

Cuuu.

Ya buɗe ido. Ƙosai ya nutse, sai ga shi ya taso. Ya kumbura ya yi ƙwallo, yana yawo a saman mai. Ya juya shi da tsinke, ya yi ja. Ya tsame, ya ɓara. Waje ƙamas, ciki fari, huje-huje kamar saƙar zuma, tururi na tashi. Ya sa a baki.

Sai ya zauna daɓas a ƙasa. Ya ja numfashi ya sauke. Ya ce, "Alhamdu lillahi."

Ya tashi ya hau tuya. Ɗan ƙullun nan da bai kai rabin ƙwarya ba, tunda ya sha iska, sai ya yi ta ba da ƙosai. Bai sha mai ba, don haka man ma ya isa. Ya cika masaki. Ya ɗora koko a ka, ya rungumi ƙosai, ya zura da gudu.

Ya iske Bijimi a bakin gona, fartanya a kafaɗa, ƙafa ɗaya a kan hanya. 'Yan gayya na bayansa, kowa fuska a murtuke. Rabin gona an nome, rabi ciyawa.

Kurege ya ajiye masaki ya buɗe.

Bijimi ya ɗauki ɗaya ya matsa, ya ga ya lotsa ya dawo. Ya jefa a baki. Ya ɗauki na biyu. Ya ɗauki na uku. Sannan ya sauke fartanya.

Ya ce, "Mai jegon ta dawo ne?"

"Ba ta dawo ba, ranka ya daɗe."

"To wa ya yi wannan?"

"Ni da haushi."

Bijimi ya yi dariya har ƙahonsa na rawa. Ya ce, "To a riƙa ba ka haushi." Ya juya ga jama'a. "Ku ci, ku sha, a koma aiki."

Aka ci, aka sha, mai ganga ya ɗauki kiɗa. Kafin la'asar an nome gona tas. Kowa ya watse. Kurege ya zauna a kan kunya shi kaɗai, yana kallon geronsa layi-layi, iska na kaɗa shi. Ya daɗe a nan bai tashi ba.

To, kun ji. Ƙosai sai an tuɓe wa wake riga, a zuba masa ruwa daidai, a buge shi har ya sha iska, gishiri daga baya, mai kuma da zafinsa. Abin da ka yi wa ƙullu, shi zai nuna maka a kasko. Kuma kada ka nemi shawara wurin mai cin abin da ka zubar.

Shi ya sa har yau in kun ga kurege a daji, za ku ga ya miƙe tsaye a kan ƙafafun baya, ya naɗe hannuwa a ƙirji, yana dube-dube. Hannuwan tsamin bugu ne bai sake su ba. Duben kuma Dila yake nema.

Washegarin gayya, Jumma'a, Kurege ya tashi, hannu ya ƙi ɗaguwa. Ya ɗauki tafin waken nan da ya rage, ya tafi gona. Ya riƙa haƙa rami da diddige, yana jefa ƙwaya bibbiyu a tsakanin gero, yana rufewa da ƙafa.

Ƙurunƙus kan ɗan ɓera. Ku tashi ku ba ni wuri.