Kujerar Hanifa

Akwai wata dattijuwa mai suna Hanifa, manomiyar tattasai a wani ƙauye na bakin kogin Komadugu. Sunan ƙauyen ya kuɓuce mini, amma ba shi da nisa da Diffa.

Ɗanta ya biya mata kujerar Makka, saura ta je Yamai a rubuta sunanta. Sai ƙanenta Mamman, mai kanti a kasuwar Diffa, ya zo gida yana kaɗa waya.

"Yaya, na duba. Daga filin jirgin Yamai zuwa Jidda dubban kilomita ne. Da waɗannan gwiwoyin naki? Ki bar mini kujerar, in yi miki addu'a a can."

Hanifa tana shanya tattasai a tabarma, ko ɗagowa ba ta yi ba.

"Ni ban san kilomita ba. Jirgin awa nawa yake yi?"

"Kamar shida."

"Wato daga safe zuwa azahar? Haka nake yi a duƙe ina ban ruwa, ba kujera, ba mai kawo mini shayi. To, daga nan zuwa Yamai fa, a mota?"

Mamman ya sosa ƙeya. "Wuni da kwana."

"Ashe Yamai ta fi Makka nisa! Taso ka raka ni. In ka ji na ce wash sau ɗaya a hanya, kujera taka ce."

Mutanen gida suka shaida.

Suka shiga babbar mota. Kafin su kai garin Maine, Mamman na ta ba'a: "Hajiya, a tsaya ki miƙe ƙafa?"

"Kai dai riƙe wayarka da kyau."

Rana ta take, ramukan hanya suka fara aikinsu. Gwiwoyin Hanifa kamar ana buga musu ƙusa. Ta cije leɓe, ta ja carbi, hawaye ya taru ta share da gefen mayafi.

Bayan sun wuce Gure, Mamman ya cire takalmi, ƙafafunsa sun kumbura. Can sai aka ji ya ce, "Wash, bayana! Direba, don Allah a hankali!"

Motar ta ɗauki dariya. Hanifa ta miƙa masa goro.

A Damagaram ya ɗauki jakarsa ya sauka. Ya tsaya bakin taga, kansa a ƙasa.

"Yaya, ki yafe mini. Ki sa ni a addu'a."

"Zan sa ka. In ka koma ka ce wa yara kada su bar tattasaina a raɓa."

Ta gyara zama, mota ta tashi. A shekarar Hanifa ta yi aikin Hajji.

Darasi: Kada ka bari wani ya auna maka ƙarfinka, musamman wanda yake kwaɗayin abin da ke hannunka. Nisa ba ya hana mai niyya. Ku tura wa 'yan'uwa, wataƙila akwai wanda ake shirin karya wa gwiwa yau.