Bayan Allunan Magajin Gari

Ranar Asabar, 19 ga Oktoba, 2024, gari ya waye da ɗan sanyi da rana mai haske a Pell Creek, wani ƙaramin gari a jihar Ohio. Magajin garin, Wendell Ostrander, ya tashi cikin nishaɗi. Mutum ne mai fara'a da riƙon amana, amma yana da aibi guda: in ya yanke cewa lafiya ake, ba ya ƙara sauraron kowa. Yana neman a sake zaɓensa, kuma duk wanda ya yi masa kukan tsadar ƙwai ko kuɗin haya, sai ya dafa kafaɗarsa ya ce talabijin ce kawai ke firgita mutane.

Hujjarsa ita ce allunan yaƙin zaɓe masu hotonsa, waɗanda ake kafawa a ƙofar gida. A bana mutane sun yi ta zuwa karɓa, wasu har bibbiyu. Kullum in ya bi babban titi da mota zuwa ofis, fuskarsa ce ke masa murmushi dama da hagu. In zai koma gida kuwa, hanyar bayan gari yake bi.

A safiyar nan matarsa Lorna ta matsa masa ya raka ta sayen burodi da ƙafa. Da suka juyo, a karon farko ya ga allunan ta baya. An rubuta musu da baƙin fenti: GWANJO YAU. Kusan kowane gida an baza tebur a waje, ga kekunan yara, ga tukwane, ga rigunan sanyi.

Odessa Tuttle, tsohuwar maƙwabciyar mahaifiyarsa, ta ɗago daga kujera.

"Wendell, tukunya ka zo saye ko ƙuri'a?"

Ya tambaye ta a hankali ko don wannan aka yi ta karɓar allunan.

"To, ɗana, naka ba ya jiƙewa. Na abokiyar hamayyarka Darlene kuwa, iska kaɗan ta kwashe shi."

Masu ciniki suka kwashe da dariya, har da Lorna. Odessa ta ce kayan kamun kifin marigayi mijinta take sayarwa don ta samu kuɗin ɗumama gida da hunturu, kuma ta taɓa gaya masa a coci, ya dafa kafaɗarta.

Wendell ya sayi sandar kamun kifi, ya shiga bin gida-gida yana sauraro, amma lokaci ya ƙure. Darlene ta lashe zaɓe. Ya daɗe yana juya takardar taya ta murna a aljihu, kafin wata safiya ya taka har gidan waya ya aika.

Darasi a nan shi ne, shugaban da ke duban jama'a ta gefen da hotonsa yake, kansa kawai yake gani. In mutane sun ce suna jin jiki, a sauka a saurare su tun ba su gaji da faɗa ba.