Suturar da Aka Hana Malami

Akwai wata mata a Argungu mai suna Laure. Mijinta Malami manomin shinkafa ne, gonarsa tana tsallaken gulbi ta wajen Gulma. Da daminar bara ruwa ya cika ya tumbatsa, kwale-kwalen da ya ɗauko shi da sauran manoma daga gona ya kife. Kowa ya fita, ban da shi.

Washegari masunta suka gano shi maƙale a cikin ciyawa. Ruwa ya raba shi da tufafinsa, jiki ya kumbura. Kafin wani dattijo ya warware rawaninsa ya rufe shi, wani ya riga ya ɗaga waya ya ɗauka.

Aka yi masa wanka, aka sa shi a likkafani, aka kai shi makwancinsa. Laure ta shiga takaba da sanyin zuciya guda ɗaya: an suturta mata miji.

Ana cikin zaman makoki ƙanwarta Jannatu ta shigo ɗaki ido jajur.

"Yaya, don Allah kar ki buɗe wayarki yau."

"Mi anka yi?"

Jannatu ta kau da kai. Hakan ne ya sa Laure ta buɗe.

Ga Malami kwance a bakin gulbi, yadda ko ita ba ta yarda ta gan shi ba. Wani Sirajo ne ya ɗora bidiyon a dandalin sada zumunta, matashi mai shafin labarai a Nasarawa, cikin Birnin Kebbi. A ƙarƙashin bidiyon mutane sun yi layi: "Allah ya jiƙansa." "Allah ya sa ya huta." "Amin."

Babu mai mugun nufi a cikinsu. Haka aka tarbiyyantar da mu, ba ma wuce gawa ba mu yi mata addu'a ba. Sai dai injin da ke tafiyar da dandalin bai san bambancin addu'a da tafi ba. Shi dai ya ga an taru. Duk amin ɗin da aka rubuta, sai ya ƙara tura bidiyon gaban wasu mutanen.

Mai takaba ba ta yawo, don haka Laure ta nemo lambar Sirajo ta kira shi.

"Malam Sirajo, ni ce matar bawan Allah wanga da ka sa. Don girman Allah ka cire shi."

"Haba Hajiya! Ai alheri muka yi mai. Kin ga jama'ar da sunka ce amin? Ko sallar Juma'a ba ta tara mai haka."

"In da ubanka na, ka so a yi mai addu'a tsirara?"

Sirajo ya kashe waya. Amma maganar ta zauna masa a ƙirji. Da la'asar ya kira da kansa, murya ta yi laushi.

"Inna, na goge. Ki gafarce ni. Amma wallahi abin ya wuce hannuna. Shafuka sun kwashe, har na Nijar. Kamfanin dandalin kaɗai ka iya tsai da shi."

To, ina kamfanin yake? Ba shi da ƙofa a Argungu, ba shi da ita a Birnin Kebbi. Jannatu ta nemo wurin kai ƙara a cikin manhajar. Komai da Turanci, kuma cikin dalilan da suka jera babu inda aka ce "gawar mijina ce". Suka zaɓi wanda ya fi kusa, suka tura.

Amsa ta dawo tun kafin shayin Jannatu ya huce. Ta karanta, ta fassara: an duba, bidiyon bai saɓa wa ƙa'idojinsu ba.

"Wa ya duba?" in ji Laure. "Namiji ko mace? Shina da iyaye? Ba ni shi in yi mai magana."

"Yaya, ba mutum ba na. Inji na."

Laure ba ta haƙura ba. Daga kan tabarmarta ta riƙa bin shafukan ɗaya bayan ɗaya, da ɗan karatun bokon da ta yi, tana rubuta magana guda: "Mijina ne. Ku cire don Allah. Ku yi masa addu'a a zuci." Wasu suka ji kunya suka goge. Wasu ko kallo ba ta ishe su ba. Ta ci gaba, yatsa na ciwo, ido na ruwa.

Ran nan da hantsi ta buɗe, sai wayar ta ƙi shigar da ita. Wani rubutu ya tare fuskar. Ta miƙa wa Jannatu.

Jannatu ta karanta sau biyu kafin bakinta ya buɗu. "Sun rufe miki shafi, Yaya. Wai kina damun mutane da saƙo iri ɗaya."

"Ni ce mai damun mutane?"

"Haka sunka ce."

"Shi bidiyon fa?"

"Shina nan."

Laure ta kife wayar a kan tabarma. A tsakar gida 'yarta Mubina, wadda ko makaranta ba a sa ta ba, tana wasa da murfin kwano. Laure ta daɗe tana kallonta.

"Wata rana yarinyar ga za ta girma ta riƙe waya," ta ce a hankali. "Ta rubuta sunan ubanta, don ta ga kamanninsa."

Ni da nake ba ku wannan labari, nono ɗaya muka sha da Malami. Har yau ba a cire bidiyon ba.

Darasi: Kamfanin da ke da ikon yaɗa tsiraicin mamacinka, kuma ya toshe maka baki in ka yi kuka, bai kamata a bar shi ba linzami ba. Mu matsa wa wakilanmu su yi doka da za ta tilasta musu ajiye mutum mai jin Hausa, wanda za a kai wa ƙara ya saurara. Mu kuma mu ji tsoron Allah: in ka ga gawa a waya, yi addu'arka a zuci ka wuce. Labarin nan za ku tura wa 'yan'uwa, ba bidiyon kowa ba.