Baƙar Rigar Haya

Ke Ramla, wa ya aike ki? Mutum ya wuce ta ƙofar gida kanshi a ƙasa, sai ki biyo ni har ɗaki kina tambayar abin da ya same shi? Ba kyau. Amma tunda bakinki ya riga hankalinki, zauna. Ki rubuta a wayar taki yadda na faɗa, kar ki gyara mani magana. Ban yi boko ba, amma na san abin da nike faɗi.

Akwai wani yaro a Ƙofar Guga, Abbas, ɗan Hajiya Ma'u, shi ne wanda kika ga ya wuce. Tun ranar da ya shiga jami'a karatun lauya unguwa ta daina kiran sunanshi. Mai shayi Barista, liman Barista, har uwar da ta haife shi. Haka muke a garin nan, muna liƙa wa yaro suna tun bai kai ba.

Ya gama jami'a, ya wuce makarantar horas da lauyoyi. Can akwai jarabawa ta ƙarshe. Wanda ya ci, shi ake rantsarwa, shi ke da ikon tsayawa gaban alƙali ya kare mutum.

Abbas ya faɗi. Bai gaya wa kowa ba.

'Yan ajinsu na sakandare kuwa suna da zauren hira a waya, kowa na sanar da inda rayuwa ta kai shi. Wannan ya yi aure, wancan ya samu aiki a Abuja. Abokinshi Nu'uman ya sa hoto da baƙar riga da farar hular nan mai kama da gashin tunkiya, an rantsar da shi.

Sabuwa, wadda ta karanci koyarwa, ta rubuta nata ba kwana-kwana: gwamnati ba ta ɗauke ta ba tukuna, tana koyar da ƙananan yara a wata 'yar makaranta bayan Ƙofar 'Yandaka.

Abbas ya amsa mata: "Haba Malama, duk wahalar jami'ar nan don ki goge majina?"

Aka yi ta dariya. Sabuwa ta ce: "Majinar ma ai sai an samu mai gogewa. Kai fa Barista, ina naka hoton?"



Akwai wani mai hoto da ke ajiye irin rigunan nan yana ba da haya. Abbas ya je ya sa riga da hula, aka ɗauke shi. Ya tura zauren, ya rubuta "Alhamdulillah" kawai. Bai ce ya ci ba, bai ce bai ci ba. Taron rantsarwar kuwa na dubban mutane ne, ko Nu'uman bai iya cewa wa ya je wa bai je ba.

Hajiya Ma'u ta ga hoto, ta yi guɗa, ta yi walima. Ni kaina na ci wainar.

Ana gab da Babbar Sallah, sai ga Sabuwa a zauren gidansu Abbas da wata dattijuwa mai tallan nono, Mairama, kakar wata ɗalibarta. Shanun Hamman, ɗan Mairama, sun faɗa gonar wani, aka yi faɗa, aka kama shi aka kai gidan yari. Ranar Litinin za a kawo shi kotu, kuma shi ne zaman ƙarshe kafin hutun Sallah. In bai samu beli ranar ba, a tsare zai yi Sallah.

Sabuwa ta ce: "Barista, ga Inna. Na ce mata muna da lauya a ajinmu, ɗan gida."

Kin ga wurin da ya kamata ya buɗe baki? To, ya duba fuskar Sabuwa, ya tuna maganar majina. Sai ya gyara zama ya ce: "Inna, ki kwantar da hankalinki. Ki bar mani."



Dabararshi ita ce ya kira Nu'uman ya tsaya a madadinshi. Amma in ya kira, Nu'uman zai ce, kai me ya hana ka? Ya ɗauki waya ya ajiye. Ya sake ɗauka, ta fara ƙara, ya kashe. Nu'uman ya biyo kiran, Abbas ya ce: "A'a, gaisuwa ce kawai. Ya aiki?"

Abinci ya daina shiga. Hajiya Ma'u tana cewa: "Aiki ne ya yi wa Barista yawa, ku rage surutu."

Ranar Lahadi Mairama ta dawo da ƙwaryar kindirmo da man shanu. Ta durƙusa, ita da ta haifi sa'anshi.

Ta ce: "Ɗana, wata lauya daga cikin masu tsaya wa talaka kyauta ta je gidan yari, ta ce za ta tsaya wa Hamman. Na ce mata Allah shi saka, muna da namu. Na yi daidai ko?"

Abbas ya duba kindirmon, ya duba ƙafafunta da suka sha tafiya. Ya buɗe baki zai faɗa mata gaskiya. Sai ga Hajiya Ma'u ta leƙo tana cewa: "Kin yi daidai mana! Wace lauya kuma, ga Barista?"

Ya fasa. Ya karɓi ƙwaryar.

Litinin da safe ya je kotu, ya zauna can baya cikin 'yan kallo, yana fatan ko alƙali ba zai zauna ba, ko motar gidan yari ta lalace a hanya. Alƙali ya zauna. Mota ta zo.

Aka kira Hamman, dogon yaro, ya rame. Alƙali ya ce: "Kana da lauya?"

Hamman ya waiga yana nema. Mairama ta miƙe ta nuna da hannu: "Ga shi can, ranka ya daɗe! Barista, taso mana, kai ake jira."

Kotu duka ta juyo. Sabuwa na nan, ta nemi izini daga makaranta. Nu'uman ma na gaba cikin lauyoyi, ya zo wata shari'ar, har ya matsa mashi wuri a benci.

Abbas ya miƙe. Ya san in ya taka zuwa bencin nan ya ce shi lauya ne, laifin da zai ɗauka ya fi na Hamman.

Ya ce: "Ranka ya daɗe, ni ba lauya ba ne. Na faɗi jarabawa. Ba a rantsar da ni ba."



Nu'uman ya yi wuf ya roƙi a bar shi ya tsaya wa yaron. Alƙali ya tambaya ko an zo da masu tsaya mashi a ba da beli, mutanen gari da aka san gidajensu. Babu. Ba wanda ya gaya wa Mairama ana zuwa da su. Alƙali ya ɗage shari'a sai bayan Sallah, aka tasa Hamman gaba zuwa mota.

A bakin kotu Nu'uman ya kama hannun Abbas ya ce: "Kai wane irin mutum ne? Ranar da ka kira ni, me ya hana ka faɗa? Kai ka fara faɗuwa? Da yau yaron nan a gida zai kwana."

 Sabuwa ta riƙe Mairama, don tsohuwar na neman faɗuwa.

Mairama ba ta zage shi ba, da ma ta zage shi ya fi. Ta dube shi ta ce: "Ɗana, ni ban san jarabawa ba. Jiya fa na tambaye ka."

Hamman a gidan yari ya yi Sallah. Uwarshi ta kai mashi nama a ƙullin leda, ta miƙa ta hannun gandiroba.

Darasi: Faɗuwa jarabawa kunyar mutum ɗaya ce, kuma tana wucewa. In ka ɓoye ta, wani bawan Allah da bai ji ba bai gani ba shi zai ɗauke maka ita. Wanda bai samu ba ya ce bai samu ba. Ku kuma iyaye, ku bar wa yaro ƙofar da zai shigo ya ce "na faɗi". Ramla, tura wa kowa, wanda ya karanta shi ma ya tura gaba.

Ku kuma yara da kuka cika mani ɗaki kuna zare ido, an gama. Kowa ya wanke ƙafa ya hau shimfiɗa. Kar in ji motsin kowa.