Ƙofar Jatau da Garmar Cindo

Yau Laraba. An kwana ana ruwa, har yanzu gari bai washe ba. Ba zuwa gona. To ku zauna, tunda kun dame ni da tambaya.

Dalilin da ya sa ƙofofin Tsaunin Marke suke buɗewa waje, alhali ko'ina ka je ciki ake tura ƙyaure, ba abin alfahari ba ne. Ƙyashi ne ya jawo. Mai ƙyashin kuwa kakana ne, Jatau magini. Ba zan gyara shi ba.

A da ƙofofinmu irin na kowa ne. Jatau ke gina ɗaki, shi ke kafa ƙyaure. Zauren Mai gari shi ya gina. Masallaci shi. Shekara talatin yana hawa katanga, ba a taɓa cewa bangonsa ya tsage ba.

Yana da tsara, Cindo, mai haƙar rijiya. Rana ɗaya aka yi musu kaciya. Jatau dogo ne, aikinsa a sama, kowa na gani. Cindo guntu ne, aikinsa a rami, in ya fito idanunsa kaɗai ake ganewa don laka. Jatau yakan ce masa, "Ni sama, kai ƙasa. Haka Allah ya raba." Cindo sai ya yi dariya ya wuce.

Wata shekara da bazara, ƙasa ta motsa. Da hantsi ne. Aka ji rugugi daga ƙarƙashin dutse kamar hadari, sama kuwa tas. Tukwane suka zubo daga jere. Awaki suka tsinke igiya. Ba wanda ya mutu, amma tsoro ya zauna a gari. Mata suka ƙi shiga ɗaki. Aka koma kwana a fili. Jaki in ya yi birgima, sai yara su fashe da kuka. Wasu har sun fara ɗaure kaya.

Mai gari ya tara mutane. Liman ya yi addu'a, aka shafa. Sannan Mai gari ya ce, "Addu'a mun yi. Saura dabara. Damina na tafe, ba za mu dawwama a waje ba."

Kowa ya dubi Jatau.

Jatau ya ce, "Ranka ya daɗe, ginina ne. Ku shiga ku kwanta."

"Shi ke nan?"

"Shi ke nan."

Sai Cindo ya yi gyaran murya daga can baya. Ya ce, "Ranka ya daɗe, ran nan ina cikin rijiyar gidan Liman. Kafin babban motsin, sai da ƙarami ya zo. Na ga ruwa na rawa, na ji dagina yana bugun bakin guga. Ku da ke sama ba ku ji ba. Tsakanin ƙaramin da babban, mutum zai iya fita ɗaki ya kai fili."

Jatau ya ce, "To mu koma rijiya da zama ke nan?"

Aka yi dariya. Cindo ma ya yi. Ya ce, "A'a. Kowane gida a samo ruwan garma biyu, ƙarfen kawai ba ƙota, tsofaffi, a rataye su dab da juna a cikin ɗaki, inda iska ba ta kaiwa. Ƙasa na ɗan motsawa za su bugi juna. Wanda ya ji, kada ya tsaya ɗaukar komai, ya fita nesa da katanga. A sauko da tukwane daga sama. A bar tulu cike a tsakar gida. Iyakar abin da na sani ke nan."

Aka yi yadda ya ce. Bayan kwana tara ƙarafan suka yi ƙara, aka fito, ƙasa ta girgiza ta tsaya. Daga ranar mutane suka koma ɗakunansu, suka sami barci. Ba don ƙasa ta daina ba. Don sun san abin yi in ta fara.

Mai gari ya ba Cindo riga. Shuɗiya, mai aiki a wuya. Ya ce ya riƙa zama kusa da shi a tabarma.

Nan ciwon ya soma.

Jatau zai wuce zauren da ya gina da hannunsa, ya hango Cindo a ciki ya harɗe. Rigar ma ta fi ƙarfinsa, tana jan ƙasa. Jatau ya dawo gida ya ce, "Shekara talatin ina ɗora wa mutumin nan tubali, ko hula bai ba ni ba. Wani ya rataya tsohon ƙarfe, an ba shi riga. Rigar da ni za ta yi wa daidai."

Ko'ina ya juya, garmar Cindo. A bakin rijiya garmar Cindo, a kasuwa garmar Cindo. In ya ji sunan yana cin tuwo, sai ya tsame hannu. Cindo ya ce masa, "Jatau, ina kwana?" Ya ce, "Da ban kwana ba, ka gan ni?"

Jatau yana da uwa a raye, Inna Yalwa. Ta tsufa, ƙafa ta ƙi, sai ja da gindi. Amma bakinta lafiya lau. Shi ne autanta, Auta take ce masa. Cindo ya ci tuwonta yana yaro, don haka da kansa ya kawo mata nata ƙarafan ya rataya.

Jatau ya shiga gaishe ta, ya gan su. Ya tsinke su, ya wurga bayan katanga.

Ta ce, "Auta, maido min ƙarfena."

"Inna, a ɗakin da na gina? Ƙarfen nan zagina yake yi."

"Ba ƙarfe ke zaginka ba. Riga ce ke cin ka. Tun kuna yara, in na ba Cindo ƙosai sai ka auna shi da naka."

Sai ya ɗauki kwana huɗu yana aiki a ɗakinta. Ya ƙara wa rufin laka. Ya cire tsohon ƙyauren kara, ya kafa na icen maɗaci, mai kauri, sai mutum biyu ke ɗaga shi. Ya buga shi da tafi ya ce, "Ga abin da ke tsare mutum."

Ta ce, "Allah ya sa."

Damina ta faɗi. Rufin ya sha ruwa, ya yi nauyi.

Ranar wata Asabar, bayan azahar, ƙarafa suka ɗauka gida gida. Gari duk ya fito fili, mai goyo da goyonta, mai sanda da sandarsa. Gidan Jatau shiru, babu abin da zai yi ƙara. Matarsa ta tafi ɗibar ruwa. Shi yana bakin kududdufi yana kwaɓa ƙasa. Inna tana barci, ƙyaure a rufe.

Sai babban ya zo. Irin wanda ba a taɓa ji ba. Jatau ya faɗi cikin kwaɓinsa, ya tashi, ya sheƙa gida.

Bangon ɗakin na tsaye, ko tsagewa bai yi ba. Ya tura ƙyaure. Bai motsa ba. Wani gefen rufin ya rufto ta ciki, ƙasa ta taru a bayansa. Ya sa kafaɗa. Ya ja da baya ya zo da gudu. Maɗaci ne, shi ya zaɓe shi.

Ya ji muryarta ƙasa-ƙasa. "Auta, azara na kuka."

Azara kun sani, icen giginyar da ke riƙe da rufi. In ta fara kuka, saura kaɗan.

Maza suka taru. Wani ya kawo gatari, wani taɓarya, za a fasa bango. Sai ga Cindo, riga na jan ƙasa, dagi a kafaɗa. Ya ce, "Kada wanda ya taɓa bangon nan. Shi ke riƙe da sauran rufin. Kuka buge shi, a kanta zai sauka."

Jatau ya san gaskiya ne. Ya fi kowa sani.

Cindo ya tuɓe rigar. Ya duba, ya miƙa wa Jatau. "Riƙe min."

Jatau ya riƙe.

Cindo ya durƙusa ya fara haƙa a gindin ƙofa. Ba bugu, sai sassaƙa, yadda yake yi in ya kai rairayi a rijiya. Yana turo ƙasa baya, mutane na kwashewa da hannu. Kansa ya shige, kafaɗunsa suka shige, sai tafin ƙafa. Da dogo ne da bai wuce ba. Jatau na tsaye da riga a hannu, shi da ke aiki a sama, yau ba abin da zai iya sai kallon ƙafar Cindo.

Can aka ji ya ce, "Ku ja ni."

Aka ja ƙafarsa. Ya fito, hannunsa riƙe da hannuwan Inna. Ta fito fara fat da ƙura. Ba a kai ta tsakar gida ba, azarar ta karye. Ƙura ta fito ta ramin kamar hayaƙi.

Aka ba ta ruwa daga tulu. Ta sha, ta yi tari, ta ce, "Cindo, Allah ya yi maka albarka." Sannan ta dubi ɗanta. "Kai kuma Auta, ba shi rigarsa. Ka ƙanƙame ta kamar taka."

Ya miƙa. Na gode bai fito ba. Ya tsaya yana kallon ƙyauren har rana ta yi sanyi. Ƙyauren na nan ƙyam, ko ƙwarzane babu. Da waje yake buɗewa, da yatsa ɗaya zai ja shi.

Cindo zai tafi, Jatau ya ce, "Kai. Garmarka cewa take a fita. Ta ina za a fita in ƙofa ta ƙi?"

Cindo ya ce, "Wannan kuma sai magini."

Jatau ya ce, "To. Ka dai sani."

Washegari ana idar da sallar asuba ya ɗauki kayan aikinsa. Bai fara da gidansa ba, bai fara da na Mai gari ba. Gidan Cindo ya nufa. Ya yi sallama a taƙaice, ya kama ƙyauren ɗakin ya tumɓuke.

Cindo ya ce, "Lafiya, Jatau?"

"Matsa."

Ya fasa gefen ƙofar, ya mai da ramin da ƙyauren ke juyawa a ciki waje, ya kafa, ya liƙe da laka. Ya ja, ya buɗe. Ya tura, ya rufe. Ya ɗaga kai ya ga ƙarafan nan biyu a rataye, ya ja tsaki. Ya ce, "Wancan naka. Wannan nawa. Duk wanda na ji ya ce ƙofar Cindo, ni da shi ne." Ya kwashi kayansa ya shiga gida na gaba.

Shi ya sa har yau baƙo in ya zo garin nan sai ya yi ta tura ƙyaure, muna kallonsa, kafin wani ya ce masa, "Ja ake yi, ƙofar Jatau ce." Riga dai ba a ba shi ba. Na same shi da rai, yana maganarta.