Rumbun Irin Gidan Kanya

Ku gyara zama, ga wata ta zo muku, ku ne alƙalanta.

A Gidan Kanya akwai rumbu guda da kowane magidanci ke zuba damin irinsa bayan kaka. A liƙe bakinsa da laka, ba a fasawa sai ruwan shuka ya sauka. Wata shekara yunwa ta tsananta, ga mai gari Nomau kwance ba lafiya. Jama'a suka fusata, suka ɗauko gatura da rana tsaka, suka nufi rumbun.

Sallau, babban ɗan mai gari, ya riga su, ya jingina bayansa da rumbun. Wata tsohuwa ta daka masa tsawa: "Kai ɗan nan, jikokina na kukan yunwa, kai kana gadin laka? Allah ya isa!" Aka jefe shi da dutse a goshi. Jini ya wanke masa fuska, bai rama ba, bai kuma gusa ba.

Ana shirin tattake shi sai ƙaninsa Mantau, mai zafin zuciya, ya yi ihu: "Marasa kunya! Fasawa kuke so? Ku biyo ni!" Ya kai su gidan ubansa, ya sa gatari ya farfasa rumbunan gidan, ya rabar da hatsin kaf, ko tsaba bai bar wa iyalinsu ba.

Hatsin bai daɗe ba ya ƙare, aka sake wasa gatura. Sai autansu Cindo ya taka har Tudun Marke, garin da suke gaba da shi tun kakanni. Ya durƙusa a fili yana roƙon hatsi, aka zage shi, aka zagi ubansa, ya haɗiye. Ya dawo da jakuna ɗauke da dawa, ita aka ci har ruwa ya sauka aka yi shuka.

Kafin girbi Nomau ya rasu. Da dattawa suka zauna naɗa magaji, sai rigima ta kaure. Wasu suka ce Sallau mai taurin zuciya ne, ya ji kukan yara bai motsa ba. Wasu suka ce Mantau ya jefa gidansu cikin yunwa ba shawara. Wasu suka ce Cindo ya zubar da mutuncin gari a gaban abokan gaba.

To, ku da kuka ji, kan wane ne a cikinsu ya dace da rawanin?